Waƙar Inna da Na Kai Legas

Laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Na ce wa Inna zan je Legas in taya Kawu aikin albasa a kasuwar Mile 12, alhali gasar waƙa ta talabijin ce ta ja ni.

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da wani abokina, a saman motar albasa. Warin ya kama kayanmu har da muka tsaya salla a Jebba, sahu da kansa ya buɗe mana. Soja sun koma bariki, amma shingayen hanya suna nan. A Ibadan na sayi amala ta naira talatin, miyar ta fi ni wayo, rabinta a rigata ta ƙare.

A unguwar Agege Kawu ya ce gari ba lafiya, in za mu hau motar haya ta danfo mu sa hula a aljihu, kada a gane 'yan Arewa ne. Haka na je wurin gasar kai ba hula. Sauran duk da Turanci da Yarbanci suke rerawa. Da aka kira ni, fitilu suka haske min ido, waƙar da na shirya ta gudu. Abin da ya zo bakina shi ne wadda Inna take yi a kan dutsen niƙa tun rasuwar Baba, idan ta zaci ba mai ji. Tun aurensu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Malam. A waƙar nan kaɗai take faɗarsa. Na rera har da sunan. Alƙalai suka tambaya ko waƙar wa ce, na ce ta mahaifiyata ce, har na faɗi unguwarmu. Aka tafa, na wuce zagaye na biyu.

Ranar da aka nuna shirin, tsakar gidan Kawu ta cika. Da sunan ya fito, matan gidan suka sunkuyar da kai. Kawu ya kashe talabijin.

"Ɗan nan, sunan da yayata ta yi shekara talatin tana riƙewa, shi ka ba mutanen Legas su tafa?"

Ya ce akwai mai sayar da kaset a Agege da ke ɗaukar shirin, direbobi suna kai wa Arewa.

Ban koma gasar ba. Washegari na hau bas. Duk motar da ta wuce mu, sai in ce ita ce ke ɗauke da kaset ɗin. Ruwa kaɗai na iya sha har Kaduna. Ina ta hango mai shayin unguwarmu ya kunna bidiyo, samari suna maimaita sunan Baba, mata suna shiga gida suna ba Inna labari. A hanyar nan na gane cewa jin abu a gidanmu bai mai da shi nawa ba.

Na iso da la'asar. Maƙwabta biyu suna fitowa daga gidanmu, suka amsa gaisuwata ba su dube ni ba. Kaset ya riga ni.

Inna tana tankaɗe. Ta ce sannu da hanya, ta tambayi Kawu da iyalinsa, ba ta ɗago ba. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi miki ƙarya, na kuma ɗauki abin da yake naki da Baba na kai wa duniya. Ba zan iya dawo da shi ba. Don Allah ki yafe min."