Tarihin Eliyamma Kuriakose, Uwar da Aka Kora a Majigi

Haihuwa da Karatu

An haifi Eliyamma ranar 9 ga Maris, 1929, a ƙauyen Kainakary, a gidan Mathai mai tuƙa kwalekwale da matarsa Rahel. Ta yi karatu a makarantar coci zuwa aji huɗu, sannan ambaliyar da ta cinye shinkafarsu ta tilasta mata barin makaranta domin taya mahaifiyarta tufkar igiyar kwakwa.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1948 aka ɗaura mata aure da Kuriakose, tela mai haƙuri da ƙarancin magana, suka tare a Alappuzha, inda Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Duk shekara takan fito a wasan kwaikwayon coci, kuma a nan ne wani mai shirya finafinai ya gan ta a 1963, ya yi mata tayin fitowa a fim.

Fim Ɗaya Tilo

Mijinta ya amince bisa sharaɗin shi zai ɗinka duk tufafin da za ta sa. Ta fito a matsayin tsohuwar da babban ɗanta ya kora daga gidan gado bayan rasuwar mijinta, alhali shekarunta talatin da huɗu kacal, kuma Velayudhan, wanda ya fito a matsayin ɗan, ya girme ta da shekara uku.

Fim ɗin ya yi wata biyar ana nuna shi, amma ya jawo wa iyalinta fitinar da ba su zata ba. Masu sayar da kifi, da suka ɗauki labarin fim ɗin gaskiya ne, suka daina sayar wa ɗanta na gaskiya, Pappachan, wanda a lokacin yake ɗan shekara goma sha huɗu, malaminsa kuma ya yi masa nasiha a gaban aji kan haƙƙin iyaye. Da ya dawo gida yana kuka, sai ta riƙe hannunsa ta zagaya kasuwa da shi rumfa-rumfa tana cewa, "Ku dube shi da kyau, wannan ko kaza bai taɓa kora ba." Daga nan ta ƙi duk tayin da aka sake yi mata, ta koma taya mijinta ɗinki har rasuwarsa a 1987.

Shekarun Tsufa

A 1994 labari ya iske ta cewa Velayudhan, wanda bai taɓa aure ba, yana kwance a wani ɗakin haya a Kottayam, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ba mai jinya. Ta sa Pappachan ya ɗauko shi a mota, ta ba shi ɗakin ɗinkin marigayi. Da maƙwabta suka yi tsegumi, amsarta ita ce ɗa ko ya yi laifi ba a barinsa a waje. Shekara takwas tana ba shi kunun shinkafa a baki, shi kuwa bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Ammachi, wato Mama.

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Agusta, 2002, tana da shekara saba'in da uku, aka binne ta washegari a maƙabartar cocin unguwarsu, kusa da mijinta. Ta bar Pappachan, Leelamma, Rosily da Babychan, da jikoki goma sha ɗaya. A takardar sanarwar rasuwar, 'ya'yan suka ƙara suna na biyar, na Velayudhan, suka sa shi a sama a matsayin babban ɗa.