Is'haƙa Mai Gyaran Tsalle

Is'haƙa Gado ɗan Kiyeshe ne, amma ya fi shekara goma sha biyar a Dogon Dutsi, kuma ba ya son a tuna masa da garinsu. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya faɗi jarrabawa sau biyu, sannan wani kawunsa ya cusa shi a wani buro inda ake yi wa mutane takardu. Aikin bai wuce ya rubuta suna, ya kai a sa hannu, ya buga hatimi ba. Shekarun farko da biro ya yi shi, yana ƙunƙuni. Da aka kawo ordinater, wato kwamfuta, sai ya sayi tabarau marar magani, ya fara cewa "mu 'yan informatik".

Abin da ya cinye shi wani tsohon wasa ne, irin wanda ɗan mutum ke gudu yana tsallake ramuka yana taka ƙwari. Wasu masu sha'awar wasan sun sake masa fasali, suka saka a intanet kyauta, suka ƙara shafin da kowa zai gyara shi yadda ya ga dama: tsayin tsalle, saurin ƙwari, yawan rai, har launin wando. Is'haƙa ya shiga wannan shafi bai sake fitowa ba.

Bai iya wasan ba ko kaɗan. Gyaran yake so. Ya yi mako guda yana kai da kawowa tsakanin tsalle mai lamba bakwai da mai lamba takwas. Ya mai da sararin samaniya ja, ya kwana biyu ya ce yana sa masa ciwon kai. Ya ba kansa rai casa'in da tara, ya ƙarar da su duka a rami na uku. Bai taɓa ɗora laifin a kan yatsunsa ba. Masu jiran takarda kuwa amsa ɗaya suke samu: "Babu rezo, ku dawo gobe." Ba wanda ya gaya musu cewa buga takarda ba ruwansa da rezo, wato layin intanet.

Wata Laraba sai ga Sahura, mai sayar da ƙuli-ƙuli daga Dogon Kiriya, ta sauka daga mota da ƙura har gira. Takardar 'yarta take nema.

"Mushe, yau zuwana na huɗu," in ji ta, da kiran girmamawar da ake yi wa 'yan buro. "Ɗiyata Mardiyya ba ta zama jarrabawa in babu takardag ga."

"Inna, rezo ne babu. Mi kike so in yi?" Bai ko ɗaga kai ba.

Ta ga yatsunsa na ta rawa a kan na'urar, shi kuma yana cije leɓe. Sai ta zagaya tebur ta tsaya a bayansa.

"Wanga ɗan tsurut mai tsalle, shi ne rezon?"

Da ya rufe allon a take, da maganar ta mutu. Amma a karo na farko a rayuwarsa ya sami mai kallo, sai ya so ya nuna gwaninta. Ɗan mutum ya sheƙa a guje, ya yi sama, ya faɗa rami.

Sahura ta leƙa waje ta kira masu jira. "Ku taho ku ga rezo, shina ta hwaɗawa rame."

Mutum goma sha ɗaya suka shigo suka kewaye shi. Ya sake gwadawa, ya sake faɗawa. Wani tsoho daga Lugu, wanda bai taɓa taɓa na'ura ba, ya sunkuyo ya ce, "Da wuri kake tashe shi. Bari ya kai baki tukuna."

Is'haƙa ya bari ya kai baki. Ɗan mutum ya haye lafiya lau. Wata takwas yana gyare-gyare, ashe abin da ya rage ke nan. Wannan ya fi dariyar mutane yi masa ciwo. Ya buga takardu goma sha biyu kafin azahar. Sahura ta naɗe tata a bakin zane ta nufi tasha.

Washegari shef ɗinsa Abdulmalik, shugaban buron, ya aiko kiransa. Is'haƙa ya tafi yana shirya ƙaryar da zai yi. Shef ya rufe ƙofa, ya juyo masa da tasa ordinater, ya rage murya.

"An ce akwai inda ake rage wa ƙwarin sauri?"

"Akwai, shef. Har a tsai da su cak."

"To zauna."

Tun daga ranar Is'haƙa ke kula da duk na'urorin gidan, kuma buro-buro ake aikowa neman shi. Ya yi ƙiba, ya yi aure na biyu. Bara ya ba da shawarar a huda bango a yi taga, don kada jama'a su riƙa wahalar shigowa ciki. Ta nan ake miƙa takardu yanzu. In ka tsaya a waje, ba ka ganin komai sai saman kansa.