Ɗanyen Attarugun Kaka

Ina tsugune a bayan gidanmu na Bolori ina tsinke attarugun da Kaka ta shuka, sai Kawu ya fizge robar hannuna.

"Ɗanye ne, uban me za ka yi da shi? Gobe za a zuba siminti a nan."

Ko sadakar arba'in ɗin rasuwar Kaka ba a yi ba, shi zancen gina shago yake.

Kaka ba ta zubar da ɗanye. Dakawa take da gishiri da daddawa, ta soya a man gyaɗa, ina tari tana cewa, "Rago, matso ka juya."

Na ƙwace robata na fice. Da na gama soyawa na tura masa saƙo: "Kawu, zuba simintinka. Ko cokali ɗaya ba za ka ɗanɗana ba. Allah ya jiƙan uwar da ka manta, ya sanyaya makwancinta."