Malam Maitama Mai Leƙa Cikin Riga

Shekara goma sha ɗaya shagona na manne da na Malam Maitama a kasuwar Wuse, ban taɓa ganin ya yanka yadi ba. Aikinsa ɗaya ne, wibin. Mu teloli mu ɗinka, shi ya bi bakin yadin ta ciki da kekensa mai zare uku, ya datse ya ɗaure don kada ya zare. Aiki ne da babu mai gani balle ya yaba, kuma abin na ci masa rai.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, Abuja ta cika da sabbin benaye da sabbin shaddodi. Kowa na kallon aikin wuya, Malam ƙasan riga yake kallo. Kana cikin gaishe shi zai kamo gefen rigarka ya juya ya leƙa. Liman ma bai tsira ba. Da wannan leƙen ya kori samarin 'yarsa Zuhra har biyu.

Na uku shi ne Fu'ad, ma'aikacin gwamnatin tarayya, kuma shi Zuhra ke so da gaske. Ta roƙe ni in raka shi gidansu a Tungan Maje. A mota na so in duba rigarsa, kunya ta hana ni.

Fu'ad ya durƙusa. "Baba, ina wuni?"

Malam ya kamo shaddar ya juya. Zare buzu-buzu kamar gemun masara. Na ji Zuhra ta ja numfashi a bayan labule.

"Wa ya ɗinka maka wannan?"

"Wani babban dizaina ne a Garki, Baba."

"Dizaina. To, cire."

Fu'ad ya dube ni, na kawar da kai. Bawan Allah ya cire, ya zauna daga shi sai singileti a gaban surukin da bai zama suruki ba. Malam ya jawo kekensa na gida, ya bi rigar gefe da gefe, ba ya ko ɗaga kai. Wallahi tausayin yaron ya kama ni.

Da ya gama ya miƙa masa. "Na farko fizge rigarsa ya yi. Na biyu ya ce min, oga, ai ba a gani. Kai ka cire." Ya gyara murya. "Ka turo magabatanka ranar Asabar. Amma ka gaya musu zan duba."