Awon Jinin da Na Ce Ki Rage

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Sista Rahamatu Abdulƙadir Birchi, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin barikinmu na sojoji da ke gefen Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana huɗu. An yi jana'izarta washegari da safe a Kurfi. Ni ne Kofur Munzali, kuma a cikin duk waɗanda suka tsaya a sahu ba na jin akwai wanda kunya ta rufe kamar ni.

Sista, shekara tara kina zaune a teburin nan na bakin ƙofa, kina karɓar kati, kina awon jini, kina allura da wanke ciwo. Matan bariki sun san ki, matan ƙauyen Dabawa da ke zuwa da goyo sun san ki. Na taɓa ganin kin durƙusa kina wanke ƙafar wani tsohon makiyayi da ƙaya ta ruɓar, kina tsokanarsa wai shanunsa sun fi shi samun kulawa, har ya manta da zafin yana dariya. Kina da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi: ba kya ɗaura wa mutum abin awo sai ya zauna minti goma ya huce, ko da hafsa ne, kuma sau biyu kike aunawa.

A kan wannan awo muka ɓata. Shekara biyu da suka wuce sunana ya fito cikin masu tafiya kwas ɗin ƙarin girma, abin da na yi shekara shida ina jira. Saura takardar lafiya kawai. Kika auna, kika sake aunawa: ɗari da tamanin bisa ɗari da goma, hawan jini mai tsanani. Na sassauta murya na roƙe ki ki rage lambar, na ce ba wanda zai sani. Kika ce, "Kofur, ba ni rubuta abin da ban gani ba. In ka hwaɗi da kaya bisa kai wurin gudu, mi zan ce ma Mardiya?" Mardiya matata ce. Kika rubuta gaskiya, likita ya sa hannu, aka tafi babu ni.

Abin da na yi bayan nan shi nake son a ji daga bakina. Na bi majalisa-majalisa ina cewa ƙaramar nas ce ke, takardarki ba ta kai ki hana soja igiyarsa ba. Na rubuta ƙorafi cewa ba ki iya awo ba, aka ɗauke ki daga teburinki wata uku ana bincike. Babban likita a Katsina ya sake auna ni, ya samu abin da kika samu, ya ce da na yi gudun nan da wuya in dawo da ƙafata. Na ji da kunnena, na ninke takardar na sa a aljihu, ban zo na ce miki komai ba. Na koma zuwa asibiti ranar Alhamis kaɗai, ranar hutunki. In muka haɗu a hanya ke ce mai fara sallama, ni kuma in amsa ciki-ciki kamar wanda haƙori ke ciwo.

Ranar da labarin rasuwarki ya iso, na tarar da Mardiya zaune a ƙofar kicin tana kuka. Na ce, "Ke kuma ina kika san ta haka?" Sai ta ce, "Shekara biyu kana hwaɗin miya ba gishiri, wa kake zaton ya koya mani? Duk Juma'a sai ta duba katinka ta kira ni, ta ce an samu sauƙi ko a ƙara kula. Ita ke tuna mani in maganinka ya kusa ƙarewa. Ta ce kar in gaya maka, don in ka ji daga wurinta ne ba ka sha." Har cikin watannin da ƙorafina ya raba ki da teburinki, ba ki fasa kiran ba. Na tsaya a tsakar gida da takalmina a hannu, na rasa inda zan sa fuskata.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda kika ɓata wa ya yafe miki. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Ni ma bakina ya motsa tare da su. Me zan yafe? Ni ke da buƙatar a tambaye ki, ke kuma an riga an rufe ki da likkafani. Tsakanin gidana da teburinki tafiyar minti biyar ce, kuma na samu shekara biyu cur ban yi ta ba.

Allah ya jiƙan ki, Sista Rahamatu, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane ciwo da kika wanke ya zama haske gare ki, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Misbahu, da 'ya'yanki Hafiza da Aishatu, da 'yan uwa na Birchi da Kurfi, da abokan aikinki. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Malam Misbahu, ranar addu'ar uku na zauna a tabarmarka na kasa buɗe baki, to ga shi na rubuta inda kowa zai gani: awon matarka daidai ne, ni ne na yi mata ƙarya. Ku yafe mini, ku kuma taya ni roƙon Allah ya sa ita ma ta yafe kafin ta tafi.