Kayen da Yayana Ya Yi a Filin Turawa

Yayana ba shi da kabari a Kudan. Iyayenmu suna kwance a maƙabartar gabas da gari, matarsa ma da ta rasu daga baya tana nan, amma shi an binne shi a ƙasar Jos, wajen haƙar kuza, ban ma san wanda ya yi masa wanka ba. Wasan ƙwallo ne ya kai shi can. Na tsufa yanzu, amma har yau in na faɗi haka sai in ji zuciyata ta tafasa.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ne. Mu manoman rake ne, da rani muna dafa mazarƙwaila, doki yana zagaya injin matsa rake, mu muna bakin wuta. Yaya shi ne ɗan kokawar garinmu. Ba wai ba a taɓa kayar da shi ba. An kayar da shi a Gubuchi, an kayar da shi a Ikara. Abin da aka san shi da shi, bai taɓa musun kaye ba. In bayansa ya taɓa ƙasa, zai tashi ya kakkaɓe jiki ya miƙa wa mutum hannu. In kuma shi ya yi kaye, ba mai sa shi ya ce ba kaye ba ne.

Akwai wani Baturen gona, saurayi, da yake zuwa a kan babur yana duba injinan rake daga Makarfi zuwa Kudan. Hancinsa kullum a saɓe saboda rana. Wata rana ya tsaya kallon kokawa, da ya sake zuwa sai ga shi da wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ita ce yanzu ake kira zari-ruga. Mu a lokacin gwandar Bature muke ce mata.

Ya tara mu a wata gona da aka gama girbe, mu da samarin Gubuchi da wasu daga Paki masu zuwa aikin rake. Ya ce a ruga da ita gaba, amma in za a miƙa wa ɗan'uwa sai a jefa baya.

Wani ɗan Paki ya ce, "To, Bature, gaba za mu ko baya? Ka zaɓi ɗaya."

Yaya ya ce, "Kai dai riƙe gwandar. Ku mutanen Paki ko hanyar kasuwa da baya kuke shiga."

Muka so wasan nan. Gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ta don abin da ya biyo baya ba. In an ce a haɗa kafaɗa a yi turereniya, mu da muka saba ɗaukar damin rake sai mu ji abin kamar namu ne. Baturen da kansa yana shiga, muna kayar da shi, yana tashi yana dariya. Shi ne farin mutum na farko da na taɓa da hannuna. Kafin nan, in ka haɗu da Bature a hanya, sai ka sauka gefe ka cire takalmi ka durƙusa.

A Zariya Turawa suna da kulob ɗinsu da filin wasansu. Dokar wurin kowa ya san ta: baƙar fata ba ya taka filin nan sai in ciyawa zai yanke ko ruwa zai kawo. Amma yaƙi ya kwashe musu samari, ba su cika yin wasa ba. Baturen gona ya ce zai kai mu. Ya ce akwai abokansa, Turawan jirgin ƙasa, da suka goyi bayansa. Bai gaya mana cewa manyan kulob ɗin sun riga sun ce a'a ba.

Ranar da muka tafi, mutanen garinmu suka biyo mu, har da makaɗin kokawa da gangarsa, wani dattijo mai ido ɗaya da ya yi shekara da shekaru yana yi wa Yaya take. Ba wanda ya yi tunanin hana su. A wurinmu ɗan kokawa ba ya fita gari shi kaɗai.

An zagaye filin da igiya. Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan ba da rani, shar da ita, a lokacin da matanmu suke yashe rijiya. Wani tsohon Bature ya tare mu a bakin igiyar, ya yi ta magana da Baturen gona da Turanci, bai ko dube mu ba. Na ga kunnuwan Baturenmu sun yi ja. Ya juyo ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, "Sun ce babu. Mu koma gida."

Yaya ya ce, "Kai ka kira mu ko ba kai ba?"

"Ni ne."

"To mun zo."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar, ba takalmi, ya je tsakiyar fili ya tsaya. Na bi shi. Ɗan Paki ya biyo ni, sauran suka biyo. Turawan jirgin ƙasa su ma suka shigo suka tsaya tare da mu, ɗayansu ya dafa kafaɗata. Wannan na tuna masa da shi. Wasu Turawa suka ɗauki rigunansu suka tafi. Wasu suka tsaya, ina jin don su koya mana hankali ne. A cikinsu akwai mataimakin Di'o, Baturen mulki, ƙato, mai jan gashin baki. Aka busa usur.

Sun iya wasan fiye da mu, wannan ba musu. Amma ba mu ji kunya ba. Can mataimakin Di'o ya karɓi ƙwallo ya taho a guje, ya ture ɗan Paki da tafin hannu a fuska. Yaya ya fito masa ta gaba, ya sunkuya, ya rungumi cinyoyinsa, ya ɗaga shi ya shimfiɗe. Daidai yadda Baturen gona ya koya mana. Bayansa ya daki ƙasa har na ji ƙarar daga inda nake.

Mu 'yan wasa mun san in an yi haka sai a tashi a ci gaba. Mutanenmu da ke bayan igiya ba su sani ba. Kokawa suka sani. A kokawa in baya ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, fili ya zama na jama'a. Makaɗi ya saki taken Yaya. Mutane suka tsallako igiya a guje suna ihu, suka ɗaga shi sama suna zagaya fili da shi. Ina ta ɗaga hannu ina cewa ku koma, ba a gama ba, ganga ta danne muryata. Wani kawunmu kuma ya yi abin da ake yi wa wanda aka kayar: ya kama hannun Baturen ya tayar da shi, ya shiga kakkaɓe masa ciyawa a baya, yana cewa, "Sannu, ba komai, wata rana kai ne a sama."

Ba wanda ya mari kowa. Ba wanda ya riƙe ko tsinke. Amma Turawa suka ce bore ne. 'Yan sanda suka zo da kulake. Aka fasa gangar, aka fasa kan kawu. Muka dawo gida da jini a riguna.

A shekarun nan ana ɗibar mutane da tilas zuwa haƙar kuza. Kowane gari dagaci ne yake fitar da waɗanda za su tafi, kuma mun ga yadda suke dawowa, waɗanda suka dawo. Ba a ɗaukar magidanci mai ciyar da gida irin Yaya. Bayan abin da ya faru dagaci ya aiko a kira shi, na raka shi.

Dagacin ba mugu ba ne, matsoraci ne. Ya kori mutane daga zaure, ya ce, "Ɗana, saƙo ya zo daga sama. Ka je Zariya, ka durƙusa gaban Baturen nan da ka kayar a gaban mutanensa, ka ce ta baya ka zo masa, da mugun nufi, kuma kai ka kira jama'a su far masa. In ka faɗa, an yafe. In ka ƙi, an ce in sa ka cikin 'yan kuza."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, durƙuso ba wani abu ba ne. Ga ni a durƙushe gabanka. Zan je in gaishe shi, in ce masa sannu da jiki."

"Ba gaisuwa suke so ba."

"Ta gaba na zo masa, ranka ya daɗe. Idonsa cikin idona."

"Na sani! Duk garin nan an sani. Magana ce kawai, ka faɗe ta ka dawo ka ci tuwonka. Kana tsammani a kuza ganga ake kaɗa wa mutane?"

"In na faɗa, kawu da makaɗi sun zama 'yan bore ke nan. Su ma sai a zo a ɗebe su."

Dagaci ya kawar da kai. A nan na gane shi ma ya san haka ne.

Innarmu ba ta yi wa Yaya magana kai tsaye, shi ne ɗan farinta, ko sunansa ba ta faɗa. Ina zaune da shi a tsakar gida sai ta zo ta tsaya a kaina tana gyara tsintsiya, ta ce da ni, "Ka gaya wa wancan, mutum ba ya mutuwa don ya faɗi magana." Yana jin ta. Ya dubi ƙasa ya ce da ni, "Ka gaya mata na ji." Ni ma na roƙe shi. Ya ce, "Kai fa kana wurin. Me ka gani?" Ban sake roƙonsa ba.

Aka sa Yaya cikin 'yan kuza. Baturen gona ya zo sau ɗaya kafin a tafi da su. Ya tsaya wajen injin rake, hula a hannu, ya ce an yi masa canjin gari, ya ce ya yi magana ba a saurare shi ba, ya ce mu yi haƙuri. Ina jin da gaske yake. Amma ga yadda aka raba hukuncin: igiya ɗaya muka tsallake, shi aka canja masa gida, yayana aka kai shi rami. Ya so ya bar mana ƙwallon. Na ce ya tafi da abarsa.

Ɗan Paki ma an ɗebe shi a tafiyar. Shi ya dawo, bayan damina, ƙasusuwa kawai, yana tari. Bai wuce gida ba sai da ya biyo ta Kudan. Ya ce sanyin dutse ne, da yunwa, da tsayuwa cikin ruwa tun safe. Ya ce ciwon ƙirji ya kama Yaya, bai daɗe ba. Ya ce an haɗa su da yawa an rufe.

Makaɗi ya zo ta'aziyya yana kuka, yana cewa gangarsa ce ta jawo. Ba ita ba ce. Wasu kuma har yau in an tuna sai su ce taurin kai ne ya kashe shi. Waɗannan ba na amsa musu, don in na buɗe baki ba za a rabu lafiya ba. Mutum ya yi wasa bisa dokar masu wasan, ya yi kaye mai tsabta, aka ce ko ya yi wa kansa da danginsa ƙarya ko ya mutu. Na san waɗanda suka kashe shi, kuma ba a garinmu suke ba.

Da aka watse, Inna ta kira ɗan Paki bakin ƙofarta. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba a yi wa ɗan fari. Ta tambayi jikinsa, ta tambayi mutanen gidansu. Sannan ta ce, "Wancan, da ya ji wuya, ya aika musu cewa ya yarda?"

Ya ce, "Na ba shi shawarar haka, Inna. Ya ce ta gaba ya zo masa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce a kawo wa baƙo ruwa, ta saki labule.