Kuɗin Idon Likita Pesamino

Duk wanda ya ce maka likita mai kuɗi ne, to bai taɓa ganin Likita Pesamino kwana uku bayan albashi ba, yana tsaye a kantin bakin asibiti yana lalube a aljihun rigarsa, yana neman cikon kuɗin burodi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a wani ƙaramin asibitin gunduma a tsibirin Savai'i, kuma rabin yaran yankin a hannunsa suka faɗo duniya. Albashinsa ba laifi. A takarda ya fi na shugaban makaranta, ya ninka na ɗan sanda. Sai dai albashin nan kamar mataccen kifi yake a bakin teku, kafin mai shi ya iso kaguwa sun riga sun yi taro a kai.

Ɗan masunci ne. Da ya ci jarrabawa, dangi suka yi karo-karo aka tura shi birnin Suva, a wata ƙasar, karatun likita. Kawunsa Lafaele, wanda shi ne matai ɗin gidan, mai riƙe da sarautar dangi da filayensu, ya sayar da shanunsa huɗu. Sauran kuwa da kuɗin ƙasarmu suka kawo, mai tala goma, mai tala biyar, har da wata gwaggo da ta ba da kaza. Tun daga ranar kowa ya ɗauka ya sayi kaso a jikin yaron. Gwaggo mai kaza ta rasu tuni, amma jikokinta na nan suna karɓar riba.

Hidimar dangi kuwa ba ta ƙarewa. Mutuwa, aure, naɗin sarauta, buɗe sabon coci, duk fa'alavelave muke kiransu, kuma duk wadda ta faɗo, wayar Pesamino ce take fara kuka kafin ta mai gawa. Amma kada a ɗora wa dangi laifin duka. Shi ma yana so. Yakan yi wa abokansa likitocin babban birni Apia dariya, waɗanda ke cin bashin banki su sayi ƙatuwar mota don zuwa wurin da ƙafa ma za ta kai su. Shi ba ya shan giya, ba ya caca, motarsa sai an tura take tashi. Abin da ke bugar da shi guda ɗaya ne: ranar Lahadi, lokacin da dattijon coci ya buɗe littafi yana karanta baikon kowane gida da suna, a zo kan nasa, a ce tala ɗari biyar, cocin ya yi tsit na ɗan lokaci. Wannan tsit ɗin ya fi kowace mota tsada, kuma duk mako ake sabunta shi.

Ciwon suga ya kama shi yana ɗan shekara arba'in. Mutumin da ke wuni yana yi wa tsofaffi faɗa a kan naman gwangwani da shayi mai cokali biyar, shi da kansa bai taɓa ƙin ƙoƙon da aka miƙo masa a gidan mutane ba, don ƙin abinci raini ne. Idon dama ya fara tafiya a hankali, bai gaya wa kowa ba sai matarsa Apaula, malamar firamare. Da na hagu ya soma nuna masa baƙin zare-zare yana yawo, sai ya shiga jirgin fito ya haye Apia, ya ga wata likitar ido da ta zo aikin mako guda. Ta haska, ta daɗe tana kallo, sannan ta gaya masa abin da ya riga ya sani. Jini ne ke tsattsafa a can ciki. Aiki ne da ba a yi a nan, sai ƙasar waje, a birnin Auckland. In ya wuce shekara ɗaya da rabi, kada ya wahalar da kansa da kuɗin jirgi.

Ya sa sunansa a jerin masu jiran taimakon jinya a waje, ya ga tsawon jerin, ya dawo gida.

"Ba ni katin bankin," in ji Apaula.

"Uwargida, katin nan ko ɓarawo ya tsinta zai maido shi da sadaka a kai."

"Na ji. Ba ni."

Wata goma sha huɗu tana riƙe da katin. Ta rage baikon Lahadi zuwa tala ɗari, Pesamino ya riƙa sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabci. Ta koyi gaya wa masu nemansa cewa likita yana ɗakin tiyata ko da yana zaune gabanta yana cin gwaza. Da haka ta tara tala dubu goma sha tara, daidai kuɗin aiki da na jirgi da na kwana goma a gidan wata ƙawarta. Asibitin Auckland suka ba shi rana, tara ga Maris. Abu ɗaya ya roƙe ta, kada kowa ya ji. Wa zai kawo ɗansa wurin likitan da ba ya gani? Aka gaya wa dangi taron likitoci zai je.

Saura mako uku, Kawu Lafaele ya faɗi a gonarsa ta koko, bai tashi ba.

Washegari da hantsi yayarsa Sinalei ta iso. A wurinmu maganar 'yar'uwa mace ba a tsallake ta, balle wadda ta goya ka. Ta zauna a tabarma, ta ƙi kujera, ta sha kukanta, ta share ido da bakin zane.

"Pesa, an zauna jiya. An yanka wa kowane ɗaki nasa."

"Nawa aka yanka wa namu?"

"Dubu goma sha biyar. Ni da danginmu na Auckland mun haɗa uku."

"To ai kun yi ƙoƙari. Saura a jira ruwan sama ya kawo sha biyun."

"Kada ka yi min wasa, gawa tana kwance. Mutumin nan shanunsa huɗu ya sayar. Ko ka manta?"

"Ina zan manta? Shanun nan sun fi kowace saniya a duniya haihuwa."

"Kai da za ka shiga jirgin sama ka je taro, ka kwana a otal? Fastoci bakwai za su zo. Dangin matarsa daga tsibirin Upolu za su cika jirgin fito. Kana so a ce gidan da ya haifi likita ya kasa binne matai ɗinsa?"

Apaula tana bakin ƙofar kicin, tana kallonsa, tana jira ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ya dubi yayarsa da idon da ya rage masa, ya ce zai duba.

Bayan ta tafi, ya ɗauko biro ya shiga yi wa matarsa lissafi a bayan takardar magani. Ai kowa ya san al'ada. Abin da ka kai gidan mutuwa ba ya tafiya duka, masu gida sukan maido maka da kaso mai tsoka a gaban jama'a, don su ma kada a ce sun cinye. A jana'izar matar fasto ya kai dubu uku, an maido masa biyu. A ta surukin Sinalei ya kai dubu biyu, an maido dubu ɗaya da ɗari biyar. Ke nan in ya kai sha biyu, takwas ko tara za su dawo. Gibin da ya rage, albashi biyu da ɗan rance za su toshe.

"Aro ne kawai za mu ba gawa na kwana biyar," in ji shi.

"Ka taɓa ganin gawa ta biya bashi?"

"Wannan mutumin kirki ne."

"Pesamino, ka gaya mata. Kalma uku ce. Ina neman makancewa."

"In na faɗa yau, gobe duk Savai'i ta ji. Jibi mai ciwon kai ma jirgin fito zai hau."

Ta ajiye katin a kan tebur, ta koma kicin. 

Ranar jana'iza rumfuna suka cika filin gidan. Mata suna ta ɗago tabarmin daraja da ake bayarwa kyauta a irin wannan rana, suna warewa a gaban baƙi, samari suna jere katan-katan na kifin gwangwani kamar masu gina katanga. Kakakin dangi, wani tsoho mai suna Mareko, ya miƙe da sandarsa da izgarsa a kafaɗa, ya shiga rabo. Fastoci bakwai kowa da ambulan mai kauri. Kakakin baƙi kowa da nasa. Dangin matar marigayi aka maido musu fiye da rabin abin da suka kawo. Pesamino na zaune ya harɗe ƙafa, yana bin lissafi a ka, yana jin kuɗinsa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a hannun mutanen da ba ya iya tantance fuskarsu.

Sai Mareko ya juyo wajensa, ya gyara murya.

"Saura ɗanmu likita. Shi ya ɗauki wannan rana a kafaɗarsa, kowa ya sani. Mun zauna mun ce, me za mu mayar masa? Takarda? Mutumin da gwamnati ke ba shi takarda duk mako biyu, mutumin da kwanan nan zai tashi sama ya je ya zauna da manyan likitocin duniya? In muka miƙa masa ambulan mun zage shi."

Jama'a suka yi guɗa. Mata huɗu suka fito daga cikin gida riƙe da tsohuwar tabarmar dangi, wadda kakar kakarsu ta shekara uku tana saƙawa, mai laushi kamar ƙyalle, da jan gashin tsuntsu a gefenta. Shekara sittin ba ta bar gidan ba. An nemi a ba wani babban fasto ita, marigayi ya hana. Suka ware ta a gabansa, tsofaffi suna share hawaye. Aka bi ta da cinyar saniya, da katan talatin na kifin gwangwani, da tala ɗari biyar kuɗin mota.

Pesamino ya dubi inda tabarmar take. Abin da ya gani wani fili ne ruwan ƙasa da jan layi a ƙasansa. Ya sunkuyar da kai ya yi godiya da kalmomin da suka dace, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wani ɗan'uwansa ya dafa shi ta baya.

"Ɗan'uwa, yau ka gama da mu. Ko ka mutu gobe ba ka da asara."

"Haka nake gani," in ji Pesamino.

A hanyar gida motar tana nishi saboda nauyin kifi. Apaula ta ce a kai tabarmar Apia, akwai masu saye. Ya ce wa zai saya ya ɓoye? Duk wanda ya saye ta, a jana'iza ta gaba zai ware ta, kuma babu tsohuwar da ba za ta gane ta daga nesa ba. Daga ranar 'ya'yansu ba su da wurin zama a rumfar kowa. Ya je banki, suka buɗe takardunsa suka nuna masa cewa albashin nan an riga an jingine shi tun rancen rufin coci, saura shekara biyu. Abokansa likitocin Apia masu manyan motoci suka karɓe shi da fara'a, suka saya masa abinci, kowa ya ba shi labarin nasa bankin.

Daga ƙarshe ya je gidan Sinalei ya faɗa mata. 

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin ce gawa tana kwance."

"Da ka faɗa da ni da kaina zan tsaya a gaban Mareko. Kai wane irin wawa ne? Duk karatun nan?"

"Karatun shanu huɗu ne, Sina. Iyakarsa ke nan."

Ta yi kuka fiye da wanda ta yi wa kawunsu. Amma ambulan da ya shiga aljihun fasto ba ya fitowa, kuma dangin Auckland sun riga sun zazzage abin da suke da shi a kan jana'izar. Ta zaga gida-gida a ɓoye, ta sayar da aladunta biyu, ta kawo masa tala dubu ɗaya da ɗari huɗu a ƙulle a hankici. Duka-duka abin da ke hannunsu bai kai dubu tara ba.

Ya kira asibitin Auckland ya ce a ɗaga. Wata mata mai sanyin murya ta ce ba komai, akwai gurbi a Nuwamba, ko ya dace da shi? Ya ƙirga watannin. Da wani majinyaci ne ya kawo masa wannan lissafi, ya san abin da zai gaya masa, da irin muryar da zai faɗa. Ya ce mata ya dace, ya gode.

A tsakiyar Mayu, wata safiya, aka kawo jaririya mai zazzaɓi. Ya ɗauki kwalbar allura ya kai ta kusa da hancinsa, ya juya ta wajen taga, ya matsar da ita nesa. Rubutun ya ƙi tsayawa. Fuatino, ma'aikaciyar jinyar da suka shekara goma sha biyar tare, ta zare kwalbar daga hannunsa a hankali, ta mayar, ta ɗauko ta kusa da ita.

"Wannan kake nufi, Likita."

"Ita nake nufi. Gwada ki nake yi."

"Na sani," in ji ta, ba ta yi dariya ba.

Da la'asar ya zauna a barandar gidan ma'aikata da suka shekara ashirin a ciki, wanda dole su fita daga cikinsa in ya bar aiki. Ya ce Apaula ta kawo takarda da biro. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta sunan shugaban asibiti, ta rubuta cewa yana neman ajiye aiki daga ƙarshen wata.

"Akwai wurin dalili," in ji ta. "Me zan sa?"

Ya buɗe baki, da alama wata zolaya ce ta zo masa, sai ya rufe.

"Rubuta gaskiya. Yanzu ba ta da tsada."

Ta rubuta, ta kama hannunsa ta ɗora a kan layin da zai sa hannu.